Modem Mai Jingina da Manhaja da Layin Tarho Mai Shuu

Kafin zuwan wayar salula ta GSM a Nijeriya a 2001, layukan tarho na NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Mutumin Gaya ko Ajingi da ke son aika saƙo ta kwamfuta, galibi sai ya bi hanyar Wudil zuwa Kano, inda ake haɗa kwamfuta da layi ta hanyar wata 'yar na'ura mai suna modem. Aikinta shi ne mayar da bayanai su zama sauti, domin su bi wayar da aka shimfiɗa don magana.

Sai dai layin ba ya rabuwa da shuu da ƙaraf-ƙaraf, musamman da damina, kuma ƙara kaɗan takan ɓata harafi. Saboda haka aka fito da ƙa'idar V.42 a 1988. Tana kasa saƙo ƙulli-ƙulli, kowane da lambar tantancewa, kamar buhunan gero da aka rubuta wa awonsu. Wanda awonsa bai cika ba, sai a sake aiko shi. Ƙa'idar V.42bis ta 1990 kuwa matse rubutu take yi, wani lokaci har ninki huɗu, ta hanyar taƙaita kalmomin da ke maimaituwa.

Modem mai tsada yana yin waɗannan ayyuka biyu da kansa. Amma domin a karya farashi, kamfanin Rockwell na Amurka ya fito da tsarin RPI, wanda ya ɗora su a kan manhajar kwamfuta. A nan gizo yake saƙar. In ba a sa manhajar WinRPI ba, ko wata da ta san tsarin, modem zai haɗu da takwaransa lafiya lau a saurin bit 14,400 cikin daƙiƙa, amma babu mai gyara kuskure. Sai allo ya cika da tarkacen haruffa, kuɗin tarho kuwa yana ta hawa.

Don haka masu saiti sukan fara da sa manhajar. Daga nan a ba da umarnin AT&F, wanda ke mayar da na'urar saitinta na asali. Inda musayar tarho tsohuwa ce, ATDP ake amfani da shi wajen buga lamba maimakon ATDT. Saurin da ke tsakanin kwamfuta da modem akan ɗaga shi zuwa 57,600. In layi ya ƙi, sai a sauko zuwa 9,600, domin sannu ba ta hana zuwa.

A yau wayar hannun manomi a Ajingi tana wannan tantancewa da sake aikawa ba tare da ya sani ba. Masu RPI kuwa sun koya da aljihunsu cewa aikin da aka cire daga na'ura don ta yi araha, dole wani ya ɗauke shi.