Lamba guda a cikin waya: abin da ya biyo bayan sauya wa kiran katsewa mazauni

Duk mai gyaran waya a bakin titin Bauchi, daidai Tumfure a Gombe, ya san wannan ciwon kai. An yi wa waya filashin, ta kunnu lafiya, hoto ya fito tas, amma a taɓa gilashin shiru. Wata ta amsa sau ɗaya ta ƙame. Wata kuma ta ɗau zafi a aljihu, batir ya ƙare kafin la'asar. Dalilan suna da yawa, kuma akasarinsu ana ganin su da ido: jabun gilashi, igiyar da ta tsage, ruwan da ya shiga fanel. Amma akwai guda da madubin gyara ba ya nunawa, domin lamba ce da wani injiniya ya rubuta a fayil, a wata ƙasa mai nisa, tun kafin a rufe wayar a kwali.

Wayoyin Tecno, Itel da Infinix na zamani da suka cika hannun jama'a a Gombe da Android suke aiki, ita kuma Android a kan kanel ɗin Linux take zaune. Kanel shi ne uwar ɗakin manhaja, shi ke raba aiki tsakanin furosesa da sauran kayan cikin waya, kowane kaya da nasa direban, wato ɗan shirin da ya san yarensa. Furosesa ba ta da lokacin zagayawa tana tambayar kowa ko yana da magana. Wanda ke da magana shi ke kiranta ta wani siririn layi, ta dakatar da abin da take yi ta saurare shi. Wannan ne kiran katsewa. Da zarar yatsa ya sauka a gilashi, ayisi, wato ɗan guntun lantarkin da ke kula da taɓawa, ya yi irin wannan kiran.

Kiran iri biyu ne. Na farko shi ne na tsalle: wutar layin ta yi tsalle daga ƙasa zuwa sama, ko daga sama zuwa ƙasa, kuma tsallen kansa ne saƙon. Kamar baƙon da ya yi sallama sau ɗaya ya wuce. In ba a ji ba, shi ke nan. Na biyu shi ne na naci: layin ya tsaya a sama ko a ƙasa, ya ƙi motsi har sai an biya masa bukata, kamar mai bin bashin da ya shimfiɗa buzu a zaure. Dole a gaya wa mai gadin furosesa, wato sashen da ke karɓar kira a madadinta, wane iri zai jira a kowane layi. A Linux lambobi ne ke ɗauke da wannan bayani: 1 tsallen hawa, 2 tsallen sauka, 3 duka biyun, 4 naci a sama, 8 naci a ƙasa.

In aka yi kuskure, ɓarnar kan zo ta fuska biyu. A ce ayisi mai naci ne, aka rubuta shi a matsayin mai tsalle. Ya ja layi ƙasa, furosesa ta amsa, tana cikin karɓar saƙon sai wani sabo ya iso. Layin bai taɓa komawa sama ba, don haka babu wani sabon tsalle. Ayisi na jiran a zo, furosesa na jiran a kira, gilashi ya mutu alhali babu abin da ya ƙone. In kuwa aka juya sama da ƙasa a kiran naci, furosesa za ta ɗauka ana kiranta ba dare ba rana, ta yi ta amsa ƙofar da babu kowa. Kanel yana da matakin kare kansa: in cikin kira 100,000 a layi ɗaya sama da 99,900 babu direban da ya ce nasa ne, sai ya rufe layin. Kafin nan an sha zafi, bayan nan kuma na'urar ta koma tafiyar hawainiya ko ta tsaya.

Matsalar tsohuwa ce. Kwamfutar IBM ta 1981 da kiran tsalle ta fito, shi ya sa na'urori biyu ba sa zama lafiya a layi ɗaya, har masu haɗa kwamfuta a lokacin suka riƙa raba layuka da hannu. Tsarin PCI na shekarun 1990 ya koma ga naci don a iya tarayya. Abin da ya sauya a shekarun baya-bayan nan shi ne wurin da ake yanke hukuncin.

Da can, a duniyar furosesar ARM, wadda kusan kowace waya ke amfani da ita, kowane fanel yana da nasa fayil a cikin kanel, kuma direbobi da dama sun ɗinke irin kiran a jikinsu. Kamfanoni suka yi ta turo fanel bayan fanel, fayiloli suka yi tsiri, har a watan Maris na 2011 Linus Torvalds, jagoran Linux, ya fito fili ya nuna ɓacin ransa da wannan tarkace. Mafitar da aka runguma ita ce bishiyar na'urori, dabarar da aka gada daga tsarin Open Firmware na kwamfutocin Sun da PowerPC: fayil dabam da ke zayyana abin da ke kan fanel, wane ayisi ne a wane layi, da irin kiransa. Da ARM mai bit 64 ta shiga Linux 3.7 a ƙarshen 2012, ba a ba ta damar kafa tsoffin fayilolin fanel ba ko kaɗan. A Linux 4.8 na 2016 aka daidaita ƙa'idar: in direba bai faɗi irin kiran ba, kanel ya ɗauki abin da bishiya ta ce, in ya faɗa, nasa ne ke aiki. Tun daga nan masu kula da kanel ke matsa wa marubuta direba su bar wa bishiya wannan magana.

A ganina hujjarsu mai ƙarfi ce. Marubucin direba ya san ayisi, amma bai san fanel ba. Mai zana fanel na iya sa abin da ke juya sigina a tsakiyar hanya, naci a ƙasa ya iso a matsayin naci a sama. Mai gadin ma yana da nasa iyaka: GIC na ARM, a layukan da na'urori ke shigowa, tsallen hawa da naci a sama kaɗai yake karɓa. Wanda ya shimfiɗa layukan ne ya san waɗannan, don haka shi ya dace ya rubuta. Ribar a fili take. Direba ɗaya na hidima ga fanel ɗari, kanel ɗaya na tashi a wayoyi iri-iri, kuma wannan na cikin abubuwan da ke rage wa kamfani wahalar fitar da sabon samfuri kowace shekara.

Sai dai kuskure bai ɓace ba, ƙaura ya yi. A shekarar 2016 ɗin aka ga misali: agogon cikin furosesar ARM mai naci ne, amma bishiyoyi da yawa sun rubuta shi mai tsalle, an kuma yi shekaru ba a lura ba domin kanel bai kasance yana aiki da lambar ba. Da ya fara ɗaukar ta da gaske, sai da Marc Zyngier, ɗaya daga masu kula da kanel, ya sa wa direban agogon gyara na musamman, ya tilasta naci, tare da gargaɗin a je a gyara fayil. Wannan ne tarkon da masu kanel ke ciki har yau. Bishiyar da ta riga ta fita kasuwa ba ta dawowa, an kuma ɗauki alkawarin sabon kanel ba zai karya tsohuwar bishiya ba. Cire lamba daga direba na iya kashe na'urar da ta shekara goma tana aiki, shi ya sa direbobi da dama ke riƙe da lambar ko-ta-kwana. Wasu ayisin ma sun ƙara dagula lissafin: direban Goodix na taɓa gilashi da ke cikin Linux daga saitin ayisin kansa yake karanto irin kiran.

A nan ne abin ya taɓa mu. A wayoyin Android na yanzu bayanin fanel yana cikin fayilolin da ake lodawa lokacin filashin. Wayoyi biyu na iya ɗaukar suna ɗaya a kwali, amma fanel ko ayisin gilashinsu ya bambanta. Mai gyara a Tumfure ya sauke fayil daga intanet, sunan ya dace, sai bayanin layukan ya saɓa. Hanyar da ta rage masa ita ce gwaji: sauke wani, sake lodawa, ƙona data da man janareta, mai waya na tsaye a kansa. Abin da ke damuna shi ne ilimin a buɗe yake. Lasisin GPL na Linux ya wajabta wa duk mai sayar da na'ura ya ba da rubutun kanel ɗinsa ga wanda ya saya, kuma akwai shirin dtc da ke mayar da bishiya rubutun da mutum zai karanta. Masu gyaranmu sun ƙware a ɗaga ayisi da iska mai zafi, aikin da ya fi karanta layi uku na fayil wuya nesa ba kusa ba. Wanda zai nuna musu ne babu.

Haka ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere da ya ɗauko Raspberry Pi don ya haɗa na'urar da za ta kashe famfon burtsatse in tanki ya cika. Aiki ne mai amfani a unguwa irin Tumfure, inda ruwa ke da tsada. In ya zaɓi tsalle, doguwar wayar da ta sauko daga tanki za ta kwaso hayaniya duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma inbata, makunnin ma yakan yi rawa sau da yawa kafin ya zauna, kowace rawa kuma kira ce. In ya zaɓi naci bai rufe layin ba har ya gama aiki, kiran zai hana furosesa sakat. Amsar tana cikin takardar bayanin ayisi da zanen fanel, sannan fayil ɗin /proc/interrupts zai nuna masa ko adadin kira ya tsaya cik ko yana gudu.

Ina kira ga malaman kwamfuta da na lantarki a manyan makarantun Gombe, da shugabannin masu gyaran waya, su zauna tare su shirya darasin karanta bishiyar na'urori da Hausa, a fara da wayoyin da ke kan teburin gyara yau.