Fitilar ABS Ta Kama? Kada A Rufe Ta Da Salatif

Da zarar damina ta kankama, direbobin da ke bin hanyoyin burji na Bakori, Danja da Kafur sukan ga wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, an rubuta ABS. In ta haska lokacin da aka murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, lafiya lau. In ta zauna, kwamfutar mota ta cire hannunta ke nan daga harkar birki. Birki zai ci gaba da kamawa, amma ranar da akuya ta gitta a jiƙaƙƙiyar kwalta tsakanin Funtua da Malumfashi, tayoyi na iya cijewa, mota ta zame, sitiyari ya daina jin magana.

Galibi matsalar tana gindin taya. Yawanci kowace taya tana da 'yar sensa da ke ƙirga juyawarta, ta hanyar wani zobe mai haƙora ko maganaɗisun da ke jikin boris. Jan taɓo ya cushe haƙoran, ko garin ƙarfe ya manne a bakin sensar, ko kututturen kara ya tsinke waya a hanyar gona, shi ke nan lissafi ya rikice. Ɓeraye ma ba a bar su a baya ba, musamman a motar da ke kwana kusa da buhunan masara. Akwai kuma aikin ganganci: in aka sa boris mai maganaɗisu a juye, fitila za ta kama tun kafin a bar gareji.

Saboda haka kada bakanike ya fara da cewa a sayo famfon ABS na Kwatano. A jona mota da kwamfutar da ke karanta ABS, domin ƙananan na'urori da yawa injin kawai suke gani. Ita za ta faɗi tayar da ke da laifi. A wanke wurin, a bi waya, a duba fiyus da ƙarfin batir. Cire kwan fitilar kuwa, kamar yadda wasu dillalai ke yi, ha'inci ne. Mai sayen mota ya tabbata fitilar ta haska sannan ta mutu.

Direba, in ka taka birki da ƙarfi ka ji yana rawa a tafin ƙafarka, ABS ne ke aiki, kada ka ɗaga. In kuwa jar fitilar birki ta kama tare da ta ABS, ka faka ka duba man birki kafin ka ƙara gaba da fasinja.