Hattara Wajen Rufe Tsohon Silin Asbestos Da Roba

Gidaje da yawa da aka gina a Nijeriya a shekarun 1970 da 1980, musamman gidajen ma'aikata da makarantu, suna da allunan asbestos a ƙarƙashin bakin rufi, wato silin da ke kewaye da gini ta waje. Jama'a na son rufe shi da silin roba. Babu laifi a yi hakan, amma da sharaɗi.

Allon da bai tsage ba, bai kuma fara marmashewa ba, cutarwarsa kaɗan ce. Haɗarin yana cikin ƙurarsa. Da zarar an huda shi, ko an yanka shi da zarto, ko an kankare shi, sai ya saki wasu ƙananan zarurruka waɗanda ido ba ya gani. In aka shaƙe su sukan maƙale a huhu, su haddasa ciwon daji bayan shekara 20 ko fiye. Ɗaura ƙyalle a hanci ba ya tare su.

Saboda haka wajibi ne kafinta ya kafa sababbin katakai a jikin bango da katakon gaban rufi, ƙasa da tsohon allon, sa'an nan ya buga robar a jikinsu. Kada ƙusa ko ɗaya ta ratsa asbestos ɗin. A bar kafar iska, don kada laima ta ruɓar da katako. A goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya.

Idan allon ya farfashe, kada a rufe shi, a nemi shawarar duba-gari. Bayan an gama aiki, mai gida ya rubuta inda asbestos ɗin yake, ya nuna wa duk ma'aikacin da zai hau rufin nan gaba.