An tura, amma an karɓa? Aiken da wayarka ke yi ba ta jiran amsa

Duk lokacin da ka buɗe shafi a intanet, aike wayarka take yi. Tana tura buƙata zuwa babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ake kira saba, sai ta tsaya jiran amsa. Wannan jiran ne kake gani idan ɗan zoben nan yana ta juyawa a fuskar waya. To amma ba kowane aike ne ake jiran ɗan aike ya dawo ba, kuma sanin bambancin zai iya hana ka asarar kuɗi.

Ɗauki lokacin da kake rufe shafi. Masu shafin na son sanin minti nawa ka yi kana karatu, sai dai da zarar ka rufe, burauza kan katse buƙatar da ba ta kammala ba. A da, masu rubuta manhaja kan tilasta wa shafin ya dakata har amsa ta zo, abin da ke sa waya nauyi. Shi ya sa aka fito da wata hanya mai suna sendBeacon, wadda ta shiga Firefox da Chrome a 2014. Shafi zai miƙa wa burauza ɗan bayanin da bai wuce kilobait 64 ba, ya yi gaba abinsa. Iyakar abin da burauza za ta ce masa shi ne ta sa saƙon a layi. Ko ya isa ko bai isa ba, shafin ba zai ji labari ba. In ya ɓace, lissafin masu ziyara ya ragu da mutum ɗaya, shi ke nan.

Kuɗi kuwa ba a yi musu haka. Dubi MoMo, wanda kamfanin MTN ya fara a Ghana a 2009. Idan manhajar wani shago ta nemi ka biya, sabar MTN kan mayar da amsa nan take da lamba 202. Ma'anarta an karɓi buƙata, amma aiki bai ƙare ba. Sai saƙo ya faɗo wayarka, ka sa lambar sirri, sannan sabar ta sanar da shagon, ko kuma shagon ya koma ya tambaya da lambar shaidar cinikin.

A wannan tsakanin ne ake samun matsala. Idan sabis ya yi rauni, kuɗi na iya fita daga asusunka alhali shagon bai ga komai ba tukuna. Mai saye ya ga shiru, ya ɗauka bai tafi ba, ya sake turawa. Ka ga an biya sau biyu ke nan, kuma dawo da kuɗin sai an sha zirga-zirga.

Mai amfani da WhatsApp ya riga ya san darasin: alama ɗaya na nufin saƙo ya bar hannunka, sai ta zama biyu ne ya shiga wayar wancan.

Saboda haka, in biya ya tsaya, kada ka yi garajen sake dannawa. Duba ragowar kuɗinka tukuna, masu MTN a Ghana ta *170#, ka kuma adana lambar shaidar da ta zo a saƙon tes. Kai kuma ɗan kasuwa, ko a Nima kake ko a Zangon Kumasi, kada ka miƙa kaya don an nuna maka hoton "an tura". Bari ka ga kuɗin a naka asusun.

Matasanmu masu koyon rubuta manhaja su ma ga tambayar da za su riƙa yi kafin su zaɓi hanya: idan wannan saƙon ya ɓace, wa zai yi asara? In ba kowa, a tura a wuce. In haƙƙin wani ne, dole a ba shi lambar shaida, a kuma koma a tabbatar ya isa.