Ayun Kainji da Bangon da Ya Raba Zumunci

A Zuru, kamar sauran garuruwan Arewa, an fi sanin man ayu a kan ayun kansa. Ana jin sunansa a bakin masu tallar kayan mata, amma kaɗan ne suka san cewa dabbar tana nan kusa, a Kogin Kwara ta wajen Yawuri, inda masunta Sarkawa da Gungawa suka daɗe da saninta.

Ayu ba kifi ba ne. Numfashi yake yi da huhu, yana shayar da ɗansa nono, abincinsa kuma ciyawar ruwa ce irin su burgu. Uwar takan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa guda, sannan ta jima kafin ta sake. Dabbar da haihuwarta ke da wannan nawa, kowane ɗaya da aka soke da mashi babban giɓi ne.

Sai dai akwai wata ɓarnar da ba a ganin jininta. A da, idan ruwa ya cika da damina, ayu yakan yi doguwar tafiya, ya haɗu da wasu daga nesa su hayayyafa. Wannan cuɗanya ce ke sabunta ƙwayoyin gado, ta yadda in wata cuta ta ɓulla ba za ta kwashe su baki ɗaya ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, sai hanya ta toshe. Madatsar Jabba ta biyo baya a ƙasanta, can sama a Mali akwai ta Markala tun 1947, ga ta Kandaji ana ginawa a Nijar. Ayun da ke sama da Kainji ba shi da hanyar saduwa da na Binuwai, sai auren tuwona maina. Idan garke ya ƙanƙance, wannan yakan fito da lahanin da ke ɓoye a jini, haihuwa ta ƙara raguwa.

An ga irin haka a Pakistan. Dolfin na Kogin Indus, wanda kusan makaho ne, madatsun ban ruwa sun yayyanka mazauninsa gunduwa-gunduwa. Ƙananan garkunan da aka killace sun yi ta ƙarewa, yanzu mafi yawan dolfin da suka rage suna tsakanin madatsun Guddu da Sukkur.

Ba wanda zai ce a rushe Kainji. Da wutar lantarkinta ma yaya aka ƙare? Amma tun 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin ayu tsakanin ƙasashe, kasuwar mansa a gida kuwa tana ci a fili. Garken da bango ya riga ya tsare ba ya samun baƙo da zai maye gurbin wanda aka kashe don a cika 'yan kwalabe.