Mai farautar kuskure a manhajar da ta ajiye iko

A tsarin Unix da Linux akwai mai iko guda da ake kira root, lambarsa 0, kuma babu fayil ɗin da ya fi ƙarfinsa. Manhajoji da yawa da ikonsa suke tashi. Nginx, mai raba shafukan intanet, tana buƙatarsa don ta kama ƙofa ta 80, domin a al'ada ƙofofin da ke ƙasa da 1024 ba na kowa ba ne, da shi kuma take karanta mabuɗin sirrin shafi. Da an gama wannan, sai rassanta masu karɓar baƙi su ajiye ikon, su koma ƙarƙashin ƙaramin suna kamar www-data ko nobody. OpenSSH ma ta rungumi raba iko a 2002, bisa aikin Niels Provos. Dabarar tana da kyau, domin ɓarawon da ya kutso ba zai samu fiye da abin da ƙaramin sunan ya mallaka ba.

Wahalar tana zuwa ne ranar da manhajar ta faɗi bayan ta sauka. Ranar ake neman mai wannan sana'a, injiniyan da aikinsa bin sawun kuskure. Kayan aikinsa ba su da yawa: gdb, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, mai tsayar da manhaja a leƙa cikinta, sai strace, mai nuna duk wata buƙata da manhaja ta miƙa wa tsarin da amsar da aka ba ta.

Ya shiga da sunan da manhajar take ɗauke da shi, ya ce wa gdb ta kama ta, sai a hana shi. Ya nemi hoton ƙwaƙwalwar da manhaja kan bari idan ta faɗi, babu. Ya leƙa bayananta a /proc, ya tarar na root ne. Sabon shiga zai ce na'urar ce ta rikice, amma gwani ya san da gangan ne. Da zarar manhaja ta sauya lambar mai ita, Linux kan yi mata alamar kada a zazzage ta. Sarkin da ya yi murabus bai manta sirrin fada ba: mabuɗin da manhajar ta karanta tana root yana nan kwance a ƙwaƙwalwarta, duk wanda ya leƙa zai iya kwashewa.

Akwai hanyoyin buɗewa. Manhajar da kanta za ta iya kiran prctl ta cire alamar, ko a sauya lamba a suid_dumpable, sannan a sassauta ptrace_scope na Yama, wanda ya shiga Linux 3.4 a 2012. A nan nake gane gwani. Yana yin haka ne a na'urar gwaji, da mabuɗan ƙarya, ya kuma mayar da kowace lamba yadda ya same ta kafin ya tashi. A 2006 an gano wata kafa a wannan prctl ɗin da ta bar kowa ya jefa hoton ƙwaƙwalwa a inda root kaɗai ke rubutu, har ya zama root. Wanda ya san wannan tarihi ba ya wasa da waɗannan lambobi.

Abin da na fi ƙi shi ne maganin ragwaye, a ce a bar manhajar tana root tunda a haka tana aiki. An ɓoye ciwon ke nan, an kuma rushe kariyar.

Sau da yawa laifin ƙarami ne. Manhaja ta buɗe fayil ɗin rahotonta tana root, ta sauka, ta yini tana rubutu lafiya lau domin fayil ɗin a buɗe yake. Da dare aka juya rahoton, ta zo sake buɗewa da ƙaramin suna, aka ƙi. Gwani ya saka strace da ikon root, ya ce ta bi har rassan, ya zauna yana karanta layuka masu gudu har idonsa ya faɗa kan EACCES, wato an hana, a gefen sunan fayil ɗin. Wani lokacin jerin sauka ne aka birkita: sai an ajiye rukunoni da setgroups da setgid kafin setuid, in ba haka ba ikon ajiye su ya riga ya tafi.

Mafi muni shi ne saukar da ba ta auku ba. A 2010 an karya wayoyin Android ta wannan kafa. Manhajar adbd tana kiran setuid ba ta duba amsa, sai aka cika adadin ayyukan da aka yarje wa ƙaramin sunan, kiran ya gaza, ita kuwa ta ci gaba da tafiya tana root. Shi ya sa gwani, kafin ya miƙa aiki, yake ƙara layin da zai kashe manhajar idan saukar ta gaza, da wani da zai gwada komawa root bayan an sauka, don ya ga da idonsa an hana ta.