Daga Ƙofar Marusa Zuwa Abuja: Ɗan Katsinan Da Ya Amsa Laifin Zaɓensa

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Marusa da sassafe zai ga ma'aikata da ɗalibai suna ta rububin wucewa, wasu a kan babura, wasu a ƙasa. Kaɗan ne daga cikinsu ke tuna cewa a zamanin da wannan ƙofa, kamar sauran ƙofofin birnin Katsina, tana da mai tsaronta. Shi ke rufe ta da dare, shi ke buɗe ta da safe. In wani abu ya shigo ta nan, ba a neman wanda za a tambaya, don an san shi da sunansa.

Yau a ofisoshinmu da makarantunmu abin ya sha bamban. Fayil ya ɓata, akawu ya ce masinja ne, masinja ya ce tun jiya ya kai ofishin gaba. Ɗalibi ya faɗi jarrabawa, ya ce malami ne ba ya ƙaunarsa. Ai da ma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, amma wannan birni ya taɓa fitar da mutumin da ya tsaya a kan nasa tudun ya nuna wa duniya, watau marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa.

An haife shi a Katsina a 1951. Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne Ministan Harkokin Ikko a Jamhuriya ta Farko. Umaru ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Keffi da ta Barewa, sa'an nan ya sami digiri a fannin ilmi da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1975. Ya koyar a Zariya da Katsina, kafin daga baya ya zama Gwamnan Jihar Katsina daga 1999 zuwa 2007.

Zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2007 shi ne ya gwada shi. Hukumar zaɓe ta ba shi ƙuri'a fiye da miliyan 24, amma 'yan kallo na gida da na waje, har da na Tarayyar Turai, sun ce zaɓen bai kai mizani ba. Abin da aka saba gani shi ne wanda ya ci ya ce masu kuka zafin kaye ne ke damunsu. Ran 29 ga watan Mayu, a filin rantsuwa a Abuja, sai sabon shugaban ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da nakasu, ya kuma yi alkawarin gyara. Mai karatu ya lura da nauyin wannan magana: a lokacin abokan takararsa, Janar Muhammadu Buhari da Alhaji Atiku Abubakar, sun riga sun kai shi kotu, kuma duk abin da ya furta zai iya zama makami a hannunsu.

Bai tsaya a magana ba. A watan Agusta na wannan shekara ya kafa kwamiti mai mutum 22 a ƙarƙashin tsohon Babban Jojin Nijeriya, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, don ya binciko inda baki ke karkata. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Disambar 2008.

Akwai kuma batun dukiya, wanda ya fi shafar ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Tsarin mulki ya wajabta wa mai riƙe da muƙami ya cika takardar bayyana kadarorinsa ya kai wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, amma bai ce ya buga ta a jarida ba. Galibi takardar can take kwanciya a cikin kabad. A ƙarshen watan Yunin 2007 'Yar'aduwa ya sa aka bayyana tasa ga jama'a: kadarori na kimanin naira miliyan 856, har da bashin da ake binsa. Shi ne shugaban Nijeriya na farko da ya yi haka. Ma'anar abin a fili take. Mutumin da ya faɗa wa jama'a abin da ya shigo da shi ya ba su sandar da za su auna shi da ita ranar fita, kuma ba wanda ya tilasta masa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kowane nauyi ya sauke ba. Kwamitin Uwais ya ba da shawarar a karɓe ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa a danƙa wa Majalisar Alƙalai ta Ƙasa. Gwamnatinsa ta ƙi amincewa da wannan a 2009, alhali ita ce ƙashin bayan rahoton. Amsa laifi abu ne guda, sakin ikon da ya haifar da laifin kuwa wani abu ne daban.

Na biyu ya fi ciwo. A watan Nuwambar 2009 aka tafi da shi Saudiyya jinya ba tare da an aika wa Majalisar Tarayya takardar miƙa aiki ga mataimakinsa ba. Ko hakan ya faru ne saboda tsananin rashin lafiya, ko kuwa na kusa da shi ne suka ga gara a yi shiru, ƙasa ta yi fiye da wata biyu ƙofa ba mai tsaro. Sai ran 9 ga Fabrairun 2010 Majalisa ta ɗora Dokta Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. 'Yar'aduwa ya rasu ran 5 ga Mayu, aka binne shi washegari a Katsina.

A cikin wannan shekara aka yi wa sashe na 145 na tsarin mulki gyara. Yanzu in shugaban ƙasa ya yi kwana 21 bai aika da takardar ba, Majalisa na da ikon umurtar mataimakinsa ya riƙe aikin har ya dawo.